Tabon Cinyar Karkanda

San Tint yana shan shayi a bakin kogin Chindwin, mai kwalekwale ya gaya masa abokinsa U Thaung Pe ya rasu. Ya ajiye kofin, ya yi kuka sosai. Lallai an yi rashin babban mutum: Shugaban Kwamitin Tarbar Karkanda. Shi ya kafa kwamitin, shi ya zaɓi kansa, shi ya tafa.

Tun zamanin kakanni ba wanda ya ga karkanda mai gashi a dajinsu. Wannan bai dami U Thaung Pe ba, wanda ake kira Uban Karkanda. Ya haƙa mata kududdufin laka a bayan ƙauye, ya hana ɓaunayen noma shiga, ya sa mutane cire takalmi kafin su matso, kamar a gidan ibada.

"Dabba ce mai aji," yakan ce, yana gyara ɗaurin zanensa. "Ba kowa take fito wa ba. Ni da ita mun fahimci juna."

Saboda tsabar kishin aiki, kullum da rana yakan tuɓe a ɓoye ya shiga lakar, ya ji ko laushinta ya dace da babbar baƙuwa.

Da masu katako suka ce za su sare dajin tunda babu karkanda, ma'aikatan daji suka ɗaura kyamara a bishiya. Hoto ɗaya ta kamo: wani jibgegen baya mai gashi, rabinsa cikin laka, ba kai.

Shugaba ya ɗaga hoton a tsakar ƙauye. "Ku dubi ƙira! Ku dubi kwarjini! Irin wannan halitta ba a yin ta sau biyu."

Masu katako suka juya. Aka rataye hoton a shagon shayi, tsofaffi na kai masa furanni.

San Tint kaɗai ya lura da tabon da ke cinyar dabbar. Ya kama bakinsa, don daji, don kuma abokinsa. Sai a ciwon Shugaba na ƙarshe, yana ba shi romo a cokali, ya ce a hankali, "Yaya, tabon cinyar karkandar nan, ni na yi maka shi da lauje muna yara."

Shugaba ya haɗiye romon cikin isa, ya riƙe hannunsa.

"Ƙanena, ita ma karkanda ba ta rasa sakaran aboki ba. Ƙaro min gishiri."