Furar Kubrus

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shayar da ajinmu na yaƙi da jahilci furar Kubrus ba. Tun yanzu ina so a sani, ban ce na yi daidai ba, amma kuma ban yarda ni kaɗai ke da laifi ba.

Sana'ata tura keken marasa ƙarfi a Haramin Makka. A wata Umra na samu wani dattijo daga Kubrus, wani tsibiri da ke kudu da Turkiyya. Kullum in ɗauko shi daga masaukinsa a unguwar Jarwal, in kai shi ɗawafi, in mayar da shi. Ranar da zai tafi ya miƙo mini ƙunshi biyu. Ɗaya wasu busassun dunƙule ne masu tauri kamar tsakuwa, ɗayan kuma farin cuku ne a naɗe da ganyen na'ana'a. Ɗansa ya yi mini bayani da Larabcinsa mai ɗingishi.

"Wannan tarhana ce, alkama da nono mai tsami, mahaifiyata ta shanya a rana. Wannan cukunmu ne na akuya da tumaki. Mu da maƙwabtanmu Girkawa a kan komai muna jayayya, waɗannan biyun ma kowa cewa yake na kakarsa ne. Tare ake haɗa su."

Ya buɗe baki zai ƙara, na ɗaga masa hannu. Ni haifaffen ƙasar Tawa za a koya wa yadda ake yi da hatsi da nono da cuku? A garinmu kafin yaro ya iya gudu ya san ana daka cuku da dabino a zuba a fura. Na ce a raina, ashe Bahaushe ya taɓa zuwa tsibirin nan.

A lokacin na haura hamsin, ina zuwa aji a unguwar Rusaifa bayan La'asar. Malam Sanusi ke koya mana, wani ɗalibin ilimi daga Kano da na haife shi har da riba. Akwai kuma Bakur, haifaffen Makka mai shagon turare, wanda ya zo koyon boko don ya riƙa rubuta wa abokan cinikinsa na Kano saƙo. Shi yana karatu kamar ana korarsa, ni kuwa kowane harafi sai mun gaisa na tambaye shi mutan gida.

"Yalla ya Ammi," haka yake ce mini, wato yi sauri Kawu, "kafin ka gama layin nan an kira Isha'i."

Ina da haƙuri, kowa ya shaida. Amma na riga na faɗa wa mai ɗakina, Rabi, cewa ranar da aka sake yi mini dariya a ajin nan, ni da fensir mun rabu ke nan.

Sai ga shi mun sauke littafin farko. Malam ya ce ranar Litinin kowa ya zo da abin da ya samu, mu buɗe baki tare tunda yawancinmu muna azumin nafila. Bakur ya ce zai kawo sambusa, sannan ya juyo.

"Ammi kuwa ma'aruf ne, kowa ya sani, fura."

"Fura ce," na ce, "amma ta Kubrus. Wadda ko a mafarki ba ka taɓa sha ba."

Ranar Litinin na fito da turmi da kaina. Bugun farko dunƙule ɗaya ya yi tsalle ya daki ƙofar firij. Na jiƙa sauran, na daka har kafaɗata ta amsa. Cukun ne ya ba ni mamaki. Namu na Tawa da ka taɓa shi da taɓarya ya zama gari, wannan kuwa in na buga sai ya lotsa ya dawo, kamar ina dakan silifa. Na haƙura na yayyanka shi ƙanana (an ce in hagu ta ƙiya a koma dama). Na zuba nono, na zuba dabino, na zuba sukari ba tsoron Allah, na sa ƙanƙara.

Rabi ba ta azumi a ranar. Ta ɗebo a ludayi ta kurɓa, ta daɗe tana kallon bango.

"Malam, wannan ba fura ba ce."

"Mece ce?"

"Ban sani ba. Amma ka bar ta a gida mu ji kunyar mu kaɗai."

"Harshenki ne bai yi tafiya ba," na ce, na rufe kular na saɓa a kafaɗa.

Da aka kira Magariba muka ci dabino, muka yi salla, muka dawo kan shimfiɗa. Ni na cika wa kowa kofi da hannuna, na Malam har yana zuba. Aka yi bismilla.

Shiru ne ya fara zuwa. Daga nan sai wata ƙara, ƙiƙi-ƙiƙi, ƙiƙi-ƙiƙi, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar ɓeraye sun shiga rumbu. Cukun ne ke kuka a haƙoran mutane. Na kai kofina baki don in ga abin da ya same su. Jama'a, gishiri ne ya tare ni a bakin ƙofa, tsami na biye da shi, sukari na can baya yana ba da haƙuri. Ga ɗanyar alkama tana kankare maƙogwaro.

Malam Sanusi, Allah ya yi masa albarka, ya haɗiye da ƙyar idonsa ya kawo ruwa.

"Masha Allah, Baba. Tana da… tana da riƙe ciki."

Bakur ya tsamo yanki ɗaya da yatsa ya ɗaga sama.

"Ya jama'a, wallahi hallum ne! Ammi, wannan a kowane kanti akwai shi. Soya shi ake yi! Wa ya taɓa sa hallum a fura?"

Bai tsaya nan ba. Ya lalubo a wayarsa ya juyo mana da ita: ga wata tsohuwa can a Kubrus ta ɗora irin dunƙulen nan nawa a wuta, ta tafasa su sun zama romo mai kauri, ta soya cukun ta watsa a kai, tururi na tashi. Ashe abincin lokacin sanyi ne, da zafi ake shansa. Ni na sa masa ƙanƙara.

Ajin ya ɓarke. Har wani dattijo da bai taɓa magana ba tun da muka fara ya kwanta a kan tabarma yana riƙe da ciki.

Na tashi tsaye. Na ɗaga kofina na shanye tas. Na sake cikawa.

"Su dafa tasu," na ce, "ni haka nake son tawa. Hatsi da nono da cuku, tun kafin a haifi tsohuwar nan muke dama su. Su ne ba su san abin da suke da shi ba."

Kofi bayan kofi sai da na ga gindin kular (kada a tambaye ni ruwan da na sha kafin gari ya waye).

Washegari da La'asar na zauna ban sa takalmi ba. Rabi ta ce, "To, an yi dariyar. An rabu da fensir ɗin?" Sai na tuna Bakur, yadda zai riƙa faɗa a shagonsa cewa cuku ya kori Ammi daga makaranta. Na ce ai kuwa ba a haifi wannan cukun ba.

Da na shiga, duk suna kallon allo. An yi rubutu a jiki, hannun Bakur ne. Malam ya miƙe zai goge, na ce ya bari. Na tsaya na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taya ni, har suka haɗu suka yi magana.

"Barka da zuwa, Sarkin Fura na Kubrus."

Shi ne abu na farko da na taɓa karantawa ni kaɗai a gaban mutane. Na ce, "Na karɓi sarautar. Bakur, matsa, sarki a gaba yake zama."

Abin da na koya kuwa shi ne, in baƙo ya buɗe baki zai yi maka bayanin abincin garinsu, ka bari ya kai ƙarshe kafin ka ɗauko turmi. Amma har gobe ina nan a kan bakana: da na rage sukarin, da ta shawu.