Rasuwar Hanum, da Saƙo Zuwa Gidan Erkin

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Mirzohid Tolipov, tsohon direban motar kaya a unguwar Sebzor ta nan Tashkent, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da makaɗan garin nan rasuwar kilabesin ɗina, wadda kowa ya sani da suna Hanum. Ta yi shiru ranar Lahadi da hantsi, a falona, a gaban mutum huɗu, bayan gajeriyar jinya. Ta tafi a makon da aka fi bukatar ta, abin da ba halinta ba ne.

Wanda bai san ta ba kada ya ce fiyano ce, ba ta son a kira ta haka. Fiyano dukan tsirkiya take yi da guduma. Hanum kuwa ƙyasta tsirkiya take yi da ɗan farce, tsirin, tsirin, kamar ana zuba allurai a faranti. Wani kafinta ɗan Estoniya ne ya ƙera ta ita da 'yar'uwarta a kan fasalin na mutanen da, aka kawo su gidan wasa na masaƙa. Da masaƙa ta rufe aka fitar da su tsakar gida cikin dusar ƙanƙara, ni da abokin aikina Erkin muka kwashe su a mota. Ni ban iya kaɗa ta ba har yau. Ɗaukar ta na iya. Babu matattakalar zaure a garin nan da ban hau da ita ba, kuma ba ta taɓa goguwa da bango ba.

Marigayiya ba ta da hayaniya. Ko ka danne ta da ƙarfi ko ka lallaɓa, murya ɗaya take ba ka, abin da ban taɓa samu a wurin ɗan Adam ba. Ba ta cin komai sai kwanon ruwa da nake ajiye mata a ƙarƙashi lokacin sanyi, don kada katakonta ya bushe. In kiɗa ya ƙare aka ɗaga hannu daga kanta, sai ka ji ƙas, kamar tsohuwa ta ajiye cokali ta ce ta ƙoshi. Muryarta tana ƙasa da ta kayan kiɗan zamani da rabin taki. Haka aka yi ta, haka mutanen da suka rubuta kiɗanta suke so, kuma haka ta rayu ba ta ɗaga murya don ta burge kowa ba.

Ta rasu ta bar Roza Andreyevna, wadda ta yi shekaru tana zuwa gidana ta kaɗa ta, ta saita ta da hannunta, ta sha mini shayi, ta kuma kushe shayin. Ta bar 'yata Munisa, wadda ta yi rarrafe a ƙarƙashinta, ta girma ta zama mai busa sarewa. Ta bar sarewar Munisa, ta katako, irin ta da, wadda ita ma a wannan murya ta ƙasa aka huda ta, ba a ja ba a sassautawa. Su biyun nan tare suke tafiya a irin kiɗan da ake kira sonata: sarewa ta faɗi magana, Hanum ta tare ta daga ƙasa, su yi tafiyar hawainiya, su yi gudu, su sake lafawa, su ƙare da tsere. Na sha kai su wasa ina tsaye a bayan labule riƙe da barguna, kuma ban taɓa jin sun yi saɓani ba.

Ranar Asabar mai zuwa wata malamar sarewa daga Holand za ta zauna ta saurari Munisa. Ɗalibi ɗaya take ɗauka a shekara, washegari kuma jirginta zai tashi. Ta ce ba ta son faifai, da kunnenta take son ta ji sarewar katako tare da kilabesin. Munisa ta daɗe tana jiran wannan rana tun kafin ta yi aure. Da Hanum ta rasu, Roza Andreyevna ta zaga gari neman madadinta. Kilabesin ɗin da ke makarantar kiɗa duk a muryar zamani suke, ba a kuma yarda a taɓa su. Da ta roƙi mai kula da zauren da za a yi wasan ya sassauta fiyanonsa, ya ce sai dai a sassauta wuyansa.

Game da jinya, zan faɗi yadda aka yi, don na ji a gidan shayi an fara cewa wai sayar da ita na yi.

Ranar Asabar da ta wuce mun tafi biki, surukina Doniyor, mijin Munisa, ya tsaya a gida. Yaron kirki ne, molon nan namu da ake kira rubab yake kaɗawa a bukukuwa, kuma yana son matarsa. A ranar aka saki ruwan zafi a bututun ɗumama gidaje, falo ya yi ɗumi kamar tanderu. Washegari da hantsi aka taru don gwaji. Roza Andreyevna ta danna, Munisa ta busa, muryoyin biyu suka yi karo kamar motoci a mahaɗa. Kowa ya tsaya. Sai Doniyor ya leƙo daga kicin yana murmushi.

“Baba, ai kyauta ce na yi muku,” in ji shi. “Na auna ta da wayata, babu tsirkiya ko ɗaya da ke daidai, duk sun faɗi. Yini na yi ina jan su. Na ma kawar da kwanon nan da kowa ke tuntuɓe da shi.”

Roza Andreyevna ta cire gilashinta. “Doniyor, ɗana, kai in ka ga raƙumi sai ka ce dokin nan ya kumbura, a miƙo wuƙa?”

“To ai wayar ce ta ce…”

“Wayar ce za ta busa ranar Asabar? Mirzohid-aka, maɗaurin! Ina maɗaurin? Mu sassauta ta yanzu!”

Ina laluben maɗaurin saita tsirkiya a aljihun tebur muka ji ƙwas, kamar an taka ƙanƙara a kan kududdufi. Sai wani dogon gurnani ya biyo baya, duk tsirkiyoyin suna rawa babu wanda ya taɓa su. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Da muka leƙa, katakon ƙirjinta ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, gadar da tsirkiyoyi ke hawa ta ɗago. Munisa ta koma gefe. Ta kwance sarewarta gaɓa-gaɓa, ta goge, ta naɗe a ƙyalle. Har yau ba ta yi wa mijinta magana ba, shi kuma ya daina cin abinci a tebur. Ina roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su yi masa wani kallo. Ni kaɗai nake da wannan haƙƙi, kuma ina amfani da shi.

Kafintan da ya duba ta ya ce ko za a iya wani abu sai bazara, shi ma bai yi alkawari ba.

Na ajiye magajiya ɗaya a ƙarshe. Marigayiya ta bar 'yar'uwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, murya ɗaya, wadda take ɗakin baƙi na Erkin a Chilonzor, an lulluɓe ta da darduma an jera butocin shayi a kanta.

Tsofaffin unguwa sun san labarin. Ranar da muka kwaso su, muka ja ashana, mai doguwa ya zaɓa. Na ja doguwa, na zaɓi Hanum. Erkin ya ce na yi wa ashanar alama, ya ce na san wadda ta fi zaƙin murya tun a mota. Ban amsa ba a lokacin, ba kuwa zan amsa a takardar makoki ba. A gaban mutane ya rantse: “Muddin taka tana da murya, tawa ba za ta bar ɗakina ba.” Ya kuwa cika. Na shaide shi, mutum ne mai riƙe magana ko da ita za ta cinye shi.

Ranar Litinin Munisa ta je gidansa neman aron tasa, da gurasa mai zafi a ƙyalle. Ya karɓe ta hannu biyu, don tun tana goye yake saya mata alewa.

“'Yata, shigo ki sha shayi,” ya ce, “amma tatsuniyar ubanki ki bar ta a bakin ƙofa tare da takalmi.”

“Erkin-aka, wallahi ta tsage. Da idona na gani.”

“Idonki na yarda da shi, ubanki ne ban yarda da shi ba. Mutumin nan ko gawarsa aka kawo mini sai na ja mata gemu na tabbatar. So yake ya haɗa biyu a falonsa.”

Ta dawo da ƙyallen babu gurasa, babu alkawarin aro.

To Erkin, na san za a karanta maka wannan, don matarka ba ta wuce takarda a bango. Rantsuwarka ta cika, ba karya ta za ka yi ba. Tawa ba ta da murya. Ka ce ba ka yarda ba sai ka gani, to zo ka gani. Ka sa yatsanka a tsagar. Na san ka ƙi ɗaurin auren 'yata, ka ƙi sunan jikana, amma a tsawon zamana a garin nan ban taɓa jin namijin da aka gayyata shinkafar makoki ya ƙi zuwa ba, kuma ban yi zaton da kai za a fara ba. Ba kyauta na roƙa ba, ba saye ba. Aron kwana uku ne. Roza Andreyevna ta ce tsirkiyar da ta daɗe a kulle sai an saita ta, ta kwana, a sake saitawa kafin ta zauna. In ba ta fito ranar Alhamis ba, ko ta fito daga baya ba ta da amfani. Duk farce da tsirkiyar da suka rage a jikin Hanum na bar wa 'yar'uwarta gado. Ranar Asabar kuma, in an tashi daga wasa, zan miƙe a gaban jama'a in ce taka ta fi murya tun asali. Ka san abin da wannan magana za ta ci mini.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Alhamis bayan sallar asuba za a sauke shinkafa a tsakar gidana, da naman rago da karas, kowa ya zo. Doniyor ne zai zuba wa mutane ruwan wanke hannu, shi ya roƙa. Marigayiya za ta kasance a falo, murfinta a buɗe, ga duk mai shakka. Ba a bukatar furanni. Ana bukatar maza huɗu masu lafiyayyen baya, waɗanda za su iya ɗauka sau biyu.

Daga nan za a kai ta gidan ƙanena a Parkent, a kwantar da ita a ɗakin ajiya mai sanyi, da kwanonta na ruwa a ƙarƙashi. Motar za ta dawo babu kaya, da barguna da igiyoyi da mazan nan huɗu. Hanyarmu ta Chilonzor za ta bi. Za mu tsaya a ƙofarka, Erkin. Munisa za ta kasance a kujerar gaba, sarewa a cikin rigarta don kada ta yi sanyi. Ba zan danna hon ba, daga makoki muke. Amma ba zan kashe mota ba.

Mai sanarwa, Mirzohid Tolipov, a madadin iyalan marigayiya.