Kwamanda Mai 'Yanta Kwamfutoci

Duk wanda bai san Kwamanda ba, to bai taɓa yin gangancin kunna kwamfuta a gabansa ba ne. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar ganin abin da sauran jama'a ba sa gani. Kai idan ka shiga ofis, tebura za ka gani da ma'aikata. Shi kuwa kurkuku yake gani, cike da bayin Allah da aka ɗaure da wayar caja, suna ta murmushi saboda ba su san a ɗaure suke ba.

A takardar ɗaukar aiki, mataimakin mai kula da sito ne a wani kamfanin kayan gini. Aikinsa ya tabbatar buhunan siminti ba su yi ƙafa ba. A zuciyarsa kuwa shi ne Shugaban Sashen Fasaha, sashen da har yanzu kamfanin bai yi hankalin buɗewa ba. Sunan Kwamanda abokan aiki ne suka laƙa masa, domin shi ba ya danna hoto da linzamin kwamfuta kamar talakawa. Baƙin allo yake buɗewa ya rubuta wa kwamfuta umarni da koren rubutu. Abin da kai za ka yi da dannawa ɗaya, shi sai ya rubuta layi-layi, ya yi kuskure a tsakiya, ya goge, ya sake. In kwamfutar ta amsa, sai ya jingina da kujera yana huci kamar wanda ya sauke jirgin sama lafiya. Ya san da sunan, kuma ya ɗauka yabo ne.

Ga abin da ya ɗora wa kansa. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta iri biyu ce. Akwai ta kamfani, wadda ake saya a rufe, ba mai ganin cikinta. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda masana daga ko'ina suka haɗa hannu suka gina, suka bayar kyauta, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Abu ne mai kyau, tsakani da Allah, kuma ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba. Masifa ɗaya ce ta same ta a duniya: Kwamanda ya gano ta.

"Kowa na iya karanta cikinta!" Haka yake faɗa wa direbobi, da masu dako, da duk wanda ya zo karɓar rodi. "Ku kuwa me kuka sani game da abin da ke cikin taku? Makafi ne ku a hannun 'yan jari-hujja!"

Shi kansa sau ɗaya ya taɓa buɗe cikin nata. Ya ga rubutu kamar tururuwa ta faɗa tawada ta bi ta kan takarda, ya rufe da sauri, ya ce ya gamsu.

Kamar kowane babban mai ceto, daga gida ya fara. Matarsa malamar lissafi ce a sakandare, mace mai haƙuri wadda ba ta nemi komai a wurin kwamfutarta ba sai ta kunnu in an kunna ta. Ran wata Asabar ta tafi duba ƙanwarta a asibiti, ta bar kwamfutar a kan teburin falo da tambayoyin jarrabawar da za ta miƙa ranar Litinin. Kwamanda ya dubi na'urar, tausayi ya kama shi. Ya ɗauko filash ɗinsa mai ɗauke da buɗaɗɗiyar manhajar, wanda yake ratayawa a wuya kamar katin shiga fadar shugaban ƙasa, ya 'yanta ta.

Da Malama ta dawo ta buɗe, sai ta tarar da baƙon gida. Tambayoyinta suna nan, wannan kam ba a yi mata ƙarya ba. Sai dai lambobin sama sun sauko ƙasa, alwatikar da ta zana a tambaya ta uku ta yi hijira zuwa ta bakwai, teburin maki kuma ya fita daga shafi ya kama gabansa.

"Baban yara, me ka yi wa kwamfutata?"

"Na fitar da ke daga ƙangi," in ji shi, hannu a ƙirji. "Yau ce ranar farko da kike mallakar na'urarki."

"To ka ce wa na'urar tawa ta yi magana da firinta."

Firintar ta ƙi. Kwamanda ya naɗe hannun riga, ya buɗe baƙin allo, ya yini yana ba ta umarni. Ya shiga zaurukan intanet ya yi tambaya, wani masani daga wata ƙasa ya amsa masa cewa an riga an amsa wannan tambayar, ya je ya nema. Wajen la'asar ranar Lahadi firintar ta yi tari, ta tofo takarda ɗaya mai layi guda na alamomin da ba a koyarwa a kowace makaranta. Kwamanda ya ɗaga takardar sama ya kira yara su zo su ga ci gaba. Malama ta ɗauko fararen takardu. Ta ja kujera, ta ɗauki biro da rula, ta kwafe jarrabawar nan kaf da hannu har yatsunta suka sage.

"'Yanci ba ya zuwa da sauƙi," in ji shi yana leƙa ta kafaɗarta. Kallon da ta yi masa ya sa ya tuna yana da aiki a waje.

Sai kuma ya waiwayi Gwaggo, yayar mahaifinsa da ta raine shi. Gwaggo tana da wata tsohuwar kwamfuta da 'yarta ta bar mata kafin ta tafi aiki ƙasar waje. Na'urar ta tsufa har in ka kunna ta sai ka ɗora ruwan zafi ya tafasa kafin ta buɗe ido. Kwamanda ya sa mata buɗaɗɗiyar manhaja, kuma abin mamaki, ta warke sarai. Ta koma tashi kamar yarinya. Gwaggo ta ci gaba da kiran 'yarta tana ganin jikoki, tana kallon labarai, tana yi wa masu karanta labaran faɗa. Ba ta taɓa kiran sa da ƙorafi ba. Wannan nasara ta hau wa Kwamanda kai har ya fara tafiya yana kallon rufin gidaje.

Da wannan ƙarfin ya tunkari Manaja. Ya tare ta a bakin ofis, ya tare ta a wurin ajiye motoci, ya tare ta a matakala, har ta gaji ta ce ya zo taron ma'aikata ya yi bayani. Ta ƙara da cewa in abin ya gamsar, za a gwada, kuma shi za a damƙa wa. Kwamanda ya ji kamar an riga an kafa allon sunansa a ƙofa. A daren jajibiri ya tsaya gaban madubi ya gwada yadda zai riƙa cewa "ku same ni a ofishina".

Ranar taro ya zo da kwat a cikin zafin da ko fanka ta sallama. Ya kuma zo da shaida. Ya roƙi Malama ta ɗauko Gwaggo a mota, suka zauna a kujerun baya, Gwaggo da jakarta a cinya, Malama da fuskar wadda aka tilasta wa zuwa.

"Ranki ya daɗe, 'yan'uwa ma'aikata," ya fara, "tarihi zai tambaye mu inda muka tsaya a yau. Ni dai na zaɓi ɓangarena. Shekara da shekaru rabona da taɓa manhajar kamfani. Ko hannuna ba na kai mata. In na ga tambarinta, raina ɓaci yake yi."

Akanta, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya ɗaga hannu ya tambaya ko manhajar da yake shirya albashi da ita za ta yi aiki a sabon tsarin.

"Wannan tambayar bayi ce," in ji Kwamanda cikin tausayawa. "Akwai madadinta."

"Tana yin abin da wannan ke yi?"

"Tana da 'yanci."

Sakatariya ta tambaya ko wasiƙun da abokan ciniki ke aikowa za su buɗe yadda suke. Kwamanda ya ce za su buɗe yadda ya kamata su kasance tun asali. Daga kujerun baya aka ji Malama ta yi gyaran murya mai tsawo.

Ganin ɗakin ya fara sanyi, sai ya jawo babban makaminsa. "Ga Gwaggona nan. Tsohuwa ce, ba ta yi boko mai zurfi ba. Gwaggo, faɗa musu yadda rayuwarki ta canza tun da na sauya miki manhaja."

Gwaggo ta gyara zama. "Ka sauya me?"

"Manhajar kwamfutarki, Gwaggo."

"Au, ka canza wani abu ne? Ni dai na ga ta daina nawa, na ɗauka ƙura ka share mata. Abin nan mai zagaye nake dannawa, yaran su fito. Da ma shi nake dannawa, yanzu ma shi nake dannawa."

Aka yi dariya, amma Manaja ba ta yi ba. Ta ajiye bironta ta matso gaba. "Tsaya tukuna. Hajiya, wato kina amfani da ita kullum ba ki ma lura ba? To ai wannan ita ce magana. In haka ne, kwamfutocin sito da na wurin karɓar baƙi, da ba su yin komai sai intanet da 'yan rubuce-rubuce, me zai hana a gwada a kansu? A bar wa Akanta tasa."

Akanta ya gyaɗa kai. Sakatariya ma ta ce in dai ba za a taɓa tata ba, ba ta da ja. Kujerar da Kwamanda ya daɗe yana mafarki ta taso da ƙafafunta ta zo har gabansa. Abin da ya rage masa kawai ya ce na gode ya zauna.

Amma ina! A ce an karɓi juyin juya hali saboda wata tsohuwa ba ta lura da shi ba? A ce 'yanci ya tsaya a sito? Ransa ya ɓaci.

"Ranki ya daɗe, Gwaggo ba ta fahimci girman abin da aka yi mata ba. Wannan wasan yara ne. Bari in nuna muku ainihin ƙarfin abin, da idonku."

Ya ciro kwamfutarsa daga jaka, ya jona ta da majigin ɗakin taro. Bango ya yi shuɗi, ya rubuta cewa bai ga komai ba. Kwamanda ya yi murmushin manya, ya buɗe baƙin allo, ya ba da umarni. Bango bai ji ba. Ya ƙara wani. Ya cire wayar majigin ya hura mata iska ya mayar. Gumi ya fara bin kwat ɗin. Ya ce majigin ne na 'yan jari-hujja, an ƙera shi ne musamman don ya kunyata masu gaskiya.

"Kashe ta ka kunna mana," in ji Sakatariya.

Da a ce wani ne ya ba shi wannan shawara a wata rana, da ya yi masa lacca. Yau kam ya bi. Ya kashe, ya kunna, ya juya yana yi wa jama'a bayanin cewa manyan masana ma sukan yi haka. Bai ga abin da ke faruwa a bayansa ba. Majigin ya farka. A bango, manya-manya, layi biyu suka fito, kwamfutar tana tambaya wacce manhaja za ta shiga cikin biyun da ke cikinta. Ta ɗan jira, ba wanda ya taɓa ta, sai ta zaɓi wadda aka saba.

Sautin da kowa a ɗakin ya sani ya tashi daga lasifika. Tambarin nan da ke ɓata wa Kwamanda rai ya cika bango, fes, ba ko gardama da majigi. Ya yi tsalle zai fizge waya, ƙafarsa ta harɗe da ta fanka. Kafin ya miƙe, na'urar ta koma daidai inda ya bar ta jiya: wasan ƙwallon ƙafa, an tsayar da shi ana tsakiyar yi, a matakin 'yan koyo, ci biyar da nema.

Kowa ya juyo yana kallon Kwamanda, ana jin ƙarar babbar mota tana sauke yashi a waje.

"Baban yara," in ji Malama daga baya, a hankali, da muryar da take kiran ɗalibin da aka kama da satar amsa, "ashe ni kaɗai aka 'yanta a gidan?"

Kwamanda ya buɗe baki. Ya ce bincike yake yi. Ya ce dole mayaƙi ya san makamin abokin gaba. Manaja ta rufe littafinta, ta ce a wuce batu na gaba, wato gyaran famfon bayan gida.

Gwaggo kuwa ba ta san an yi wani abin kunya ba. Ta ciro tabarau daga jaka, ta saka, ta ƙura wa bango ido cike da sha'awa.

"Ɗan nan, ku ne masu cin, ko waɗanda ake ci?"

Waɗanda ake ci ne.