Abin Da Kyamarar Baba Ta Kama A Kan Dutse

Ba zan taɓa mantawa da sanyin shekarar da na fita neman aure na ƙare a jerin namun daji ba. Har yau in na hango dusar ƙanƙara ta fara sauka ta tagar wurin aiki, kowa na rawar ɗari, ni kunnuwana ne ke ɗaukar zafi.

Lokacin ina zaune a Wheaton, ina aiki a wani kantin magani, na ga Sadiya na ce ita nake so. A nan aka haife ta, irin yaran da za ka yi musu Hausa su gane tsaf, su mayar maka da Turanci. Mun fahimci juna, mahaifiyarta Hajiya ta karɓe ni hannu biyu, abu ɗaya ya rage: mahaifinta ya ce in turo magabatana. Shi kuwa Baba tsohon injiniya ne da ya yi ritaya yana zaune a Clinton, mutumin da in ka gaishe shi ya amsa, to ka cinye rabonka na maganar wannan ranar. Na yi sintiri a gidan har na gaji, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kawuna kuma kullum sai ya kira daga Zariya yana tambaya ko ya fara neman goro.

Ba ni da gidan kaina, motata in ta tashi sai maƙwabta sun sani. Makamina ɗaya ne, shi ne kunya. A nan fa ba na jin akwai na biyuna daga Maryland har Virginia. Tun daga bakin ƙofa nake tuɓe takalmi, in durƙusa har gwiwa ta taɓa ƙasa, in zauna a gefen kafet kaina a sunkuye. Ko ruwa ban taɓa sha a gidan ba, sai dai Hajiya ta zuba mini abinci a roba in tafi da shi (in cinye a mota kafin in fita daga layinsu, amma wannan tsakanina da ku ne). Har wani kallon tausayi nake yi wa samarin nan da ke miƙa wa surukansu hannu suna tambayar ya aka ji da cunkoson hanya. A ganina, in dai tarbiyya ake dubawa, Sadiya ta riga ta zama tawa.

Baba yana da wata cuta da ritaya ta jawo masa: hoton namun daji. Ya sayi kyamara mai baki kamar taɓarya, kuma duk lokacin da ƙanƙara ta rufe duwatsun Virginia sai ya nufi filin wani tsohon abokin aikinsa Bature, can cikin daji. Burinsa yanyawa, 'yar'uwar dila, irin jar nan ta ƙasar nan mai lafcecen gashi a wutsiya. Yana so ya ɗauke ta tsaye a kan farar ƙanƙara. Shekaru yana bibiya, sawunta kawai yake gani.

Wata Laraba Sadiya ta kira ni, wai Baba ya ce in raka shi dutse ranar Asabar. Ta ce ko yayanta bai taɓa gayyata ba, don haka in san cewa wannan ita ce jarrabawar. Ta ba ni dokoki: in jibga kaya, kada in fesa turare, kada in yi surutu. Ta kuma saya mini wata shuɗiyar hular sanyi mai tuntu a ka. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yin shiru gaban manya a kansa aka yanke mini cibiya.

Ranar Asabar ni na tuƙa motar Baba. Don kada in yi gyangyaɗi a gabansa, na ɗirki ruwan kofi, babban kofi guda, kafin in iso gidan. Hajiya kuma ta haɗo mu da wani ƙaton fulas na shayi mai citta da kanumfari. Muna fita daga cunkoson Washington Baba ya tsiyaya ya miƙo mini. Na ce alhamdulillahi. Ya sake miƙowa, na ce na ƙoshi. Da ya miƙo karo na uku na san ƙi ya tashi daga kunya ya koma raini, sai na karɓa, na ɗan juya fuska gefen taga (ina tuƙi fa) na shanye. Shi kuma ya ɗauka daɗinsa na ji, ya ƙara.

Mun tsaya gidan mai a gindin dutse. Ga banɗaki can da alamarsa, ina kallonsa yana kallona. Baba ya tambaye ni ko ina buƙatar wani abu. Na ce babu komai, Baba. Yaya za a yi surukina yana zaune a mota, ya ga na shiga wannan ɗakin, ya san abin da na shiga yi, ya kuma ga fitowata? Shi ma bai motsa daga kujerarsa ba, muka wuce.

Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Itatuwa tsirara sun yi fari fat, duwatsu sun jeru har inda ido ya ƙare, ga wani irin shiru da tunda na zo ƙasar nan ban taɓa jin irinsa ba. Wani jan tsuntsu mai tukku ya sauka a reshe, na ga fuskar Baba ta saki kamar ta yaron da aka ba alawa. Muna tafiya ƙafa na nutsewa, ya raɗa mini cewa akwai wata ƙaramar kyamara da ya ɗaure a jikin itace, ita ke ɗauka da kanta duk lokacin da wani abu ya gifta. Na ce Allah ya ba da sa'a. Ɗan mutunci ba ya tsare surukinsa da tambayar a ina.

Muka shiga wani ɗan tanti mai launin busasshen ganye, wanda in mutum biyu suka zauna sai gwiwa ta gogi gwiwa. Na nemi zama a ƙasa yadda na saba, Baba ya nuna mini kujera da yatsa. Sai jira. Ba magana, ba tari, ba motsi. Abin da ke motsi kawai hannun Baba ne, yana tsiyayo shayi yana miƙo mini don kada sanyi ya kama ni.

Wanda bai taɓa haɗa kofi da shayin citta da sanyin dutse a mara ɗaya ba, ba zai gane ba. Tun ina ɗan girgiza ƙafa, har na koma karanto duk addu'ar da na iya. Wata barewa ta fito da 'ya'yanta suka tsaya a gabanmu, Baba yana ta ɗauka, ni ko ganinsu sosai ba na yi, idona ya cika da ƙwalla. Da ya waiwayo ya ga hawayen sai ya gyaɗa kai, da alama ya ɗauka ikon Allah ne ya ratsa ni. Kalma biyu ce za ta cece ni, in ce zan zagaya, amma bakina ya ƙi. Da na ji abin zai fi ƙarfin kunyar ma, sai na raɗa masa cewa ina so in ɗauki hoton itatuwa da wayata. Ya gyaɗa kai. Na zura gorar ruwa a aljihu na fice.

Ban tsaya kusa ba. Na yi nisa yadda ba zai gan ni ba, na ƙara nisa yadda ba zai ji ni ba, na sake ƙarawa don kada iska ta kai masa labari. Can na sami wani lungu tsakanin manyan duwatsu biyu, ga kututture a kwance ya tare gaba, iska ba ta shiga. Na ce wannan wuri don ni aka yi shi. Na ga wasu ƙananan sawu a kan ƙanƙarar, amma a halin da nake ciki ko sawun zaki ne sai na gama za mu yi magana. Na yi fama da wando kan wando, na tsuguna, na sami sauƙi. Na yi tsarki da ruwan da ya fara daskarewa a gora. Na koma tanti da nutsuwata, ina ji a raina na ci jarrabawa ba tare da na zubar da mutunci ko ɗigo ba. Yanyawa ba ta zo ba ranar, muka dawo gida.

Bayan mako biyu aka gayyace ni gidan ranar Lahadi bayan la'asar. Ashe Baba ya koma ya ciro katin ajiyar hotuna na kyamarar itacen, kuma al'adarsa ba ya duba shi shi kaɗai, sai an taru a falo an saka a babbar talabijin. Na ci ado da farar shadda, don jikina ya ba ni yau za a yi maganar. Na tarar da Hajiya da Sadiya, da yayar Baba, Gwaggo Asabe, wadda ta zo daga Kano duba idonta. Na durƙusa na gaida kowa, na koma gefen kafet.

Hotuna suka fara wucewa. Ga kurege. Ga barewa ta saka hanci a kyamara, aka yi dariya. Ga talo-talon daji. Sai ga yanyawa daga nesa, dishi-dishi, Baba ya gyara zama yana cewa ta fara sabawa da wurin, ta kusa. Ni a lokacin na fara jin kamar na san duwatsun nan biyu. Na san kututturen nan.

Sai ga shuɗin tuntu ya shigo ta gefe.

Allah mai rufin asiri, kututturen ya tare ni daga ƙirji zuwa ƙasa. Amma fuska ba ta da kututture. Hoto na farko ina waige-waige kamar ɓarawon akuya. Na biyu na tsuguna. Na uku idanuna a lumshe, baki a ɗan buɗe, fuska ta kalli sama, irin annashuwar da ko ranar da na sami takardar zama a ƙasar nan ban yi ta ba.

Gwaggo Asabe ta matso gaba ta kanne ido.

"Wannan kuma wace irin dabba ce mai hula?"

Baba ya lalubi rimot zai wuce da hoton, yatsansa ya sauka a kan madannin da ke ƙara girma. Fuskata ta cika bangon falon, har gashin hancina ana ƙirgawa. Ya sake dannawa a gigice, sai ga hoto na gaba, daidai lokacin da ruwan gora ya sauka. Wannan fuskar ba zan siffanta ta ba, ina da 'ya'ya yanzu.

"La ilaha illallahu," in ji Gwaggo. "Ai yaron nan ne mai kunya."

Sadiya ta faɗi wani abu da Turanci ta ruga kicin, ta buɗe famfo, amma ƙarar ruwan ba ta rufe abin da take yi ba. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ni na kafa wa kafet ido ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. An gudu ba a tsira ba. Abin da na ƙi faɗa wa mutum ɗaya a raɗa, ga shi na nuna wa zuri'a guda a babban allo.

Ba a nan ta tsaya ba. Hoton da ya biyo baya yanyawa ce, kusa sosai, hancinta a daidai inda na tsuguna. Na bayansa kuma wutsiya ce kawai, tana barin wurin. Daga nan har ƙarshen katin ba ta sake dawowa ba. A nan dariyar ta mutu. Na saci kallon Baba, na ga ya daɗe yana duban wutsiyar nan, raina ya ɓaci ƙwarai, don na san shekarun da ya yi yana jiran ta. Na ce shi ke nan, na kori yanyawa, na kori aure.

Na yi sallama da muryar da ni ma ban ji ta ba, na fita. Ina kokawa da takalmi a bakin ƙofa sai na ji Baba a bayana, abin da bai taɓa yi ba. Na zube a kan siminti mai sanyi na fara ba da haƙuri. Ya ɗaga mini hannu.

"Tun yaushe abin ya matse ka ranar?"

"Tun gidan mai, Baba."

Ya kalli titi. "Ni tun kafin gidan mai. Jira nake ka fita in bi bayanka. Ka ce ba ka buƙatar komai, ni kuma na ji nauyinka. Da shekaruna, da maganin hawan jinin da nake sha, ka kusa kashe ni a tantin nan."

Na ɗago kai, karo na farko na kalli surukina ido cikin ido. Na tambaye shi to ya ya yi.

"Kana fita na fita. Sai dai ni na san inda na ɗaure kyamarata."

Ya juya zai shiga gida, ya tsaya riƙe da ƙofa, ya ce yanyawa in da rabo wata shekarar za ta dawo. Ya ce in gaya wa su kawuna su zo, gara a ɗaura auren nan ya huta, don in aka ci gaba da wannan kunyar ɗayanmu sai ya kwanta a asibiti.

Kunya abu ce mai kyau, har gobe ina durƙusa wa Baba. Amma na koyi cewa abin da Allah ya ɗora wa kowane ɗan Adam, gara ka faɗe shi da bakinka a sunkuye, tun kafin a haska shi a falo. Yanzu in za mu dutse, muna isa gidan mai nake kashe mota in ce, "Baba, bismillah." Shi ke fara shiga, ai shi ne babba.