Rasuwar Rikodata, da Gayyata ta Musamman ga Hamma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyayyen kai ba, ni Murjanatu, matar Malam Sirajo tela da ke Jega, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Jega, Aliero da Maiyama rasuwar rikodata, wadda matan unguwa suka fi sani da Baƙa Mai Amana. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a kan tabarma, tana bakin aiki. Shekarunta bakwai, domin an sayo ta ne a shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi.

Marigayiyar ta ƙare rayuwarta a ɗaukar saƙo. Duk matar da mijinta ko ɗanta ya bi motar albasa zuwa kudu, gabanta take zuwa ta zauna, ta amayar da abin da ke ranta, a naɗe a kaset, a ba direba. Ta ji albishir ɗin haihuwa, ta ji gori, ta ji kuka, ba ta taɓa kai maganar wata gidan wata ba. Ba kowa ne a unguwar nan zai iya faɗin haka game da kansa ba.

Babban halinta shi ne ba ta yanke wa mutum magana. In akwai wuta, tana aiki da ita, tana kuma ciyar da batirin da ke cikinta a hankali, in ya ƙoshi ta tsaya. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar zance, sai ka ji ƙas, ta koma kan batir, ko harafi ɗaya bai faɗi ba. Muntari mai gyaran rediyo ya ce wani ɗan baƙin abu ne mai ƙafafu, da suke kira aisi, ke yanke wannan shawara. Shi ya san aisi, ni dai hali na gani.

Jinyarta ta faro tun damina. Batirin da ke cinye kaset biyu ya koma fuska ɗaya, daga baya ya koma 'yan mintoci.

A ranar Talatar aka kawo mini Goggo, ƙanwar mahaifina, daga Birnin Malam, ana rirriƙe da ita. Shekara tara ke nan da ɗanta Labbo ya yi mata tsawa a gaban mutane, ta ce kada ya sake taka mata gida. Yana Ibadan tun lokacin, kunya da tsoro sun hana shi dawowa, yayansa Hamma kuma yana noma gonar su biyu. Ban ce komai ba, gona kawai na ambata.

Goggo ta fara da doguwar gaisuwa irin ta tsofaffi, har da tambayar ko Labbo yana cin abinci. Ba ta kai ga abin da ya kawo ta ba aka ɗauke wuta. Ƙas. Na ga jar fitilar tana dushewa, kaset yana juyawa da ƙyar, hankalina ya tashi, na ce ta gaggauta. Ta matso da baki ta ce:

"Labbo, na yahe ma, duniya da lahira. Ka komo gida."

Kaset ya ƙara juyi ɗaya ya tsaya. Da aka dawo da wuta marigayiyar ba ta motsa ba. Muntari ya buɗe ta, ya ce aisin ya ƙone, kuma babu irinsa har Sakkwato. Goggo kuma ta rasu ranar Juma'a, Allah ya jiƙanta da rahama. Malamai su kwantar da hankalinsu, Goggo kaɗai na yi wa addu'ar, na san rikoda ƙarfe ce.

A zaman makoki aka sa kaset ɗin a rikodar maƙwabta. Gaisuwar ta fito daidai, amma maganar ƙarshe ta fito siririya, da sauri, kamar ta yarinya. Nan take Hamma ya miƙe ya ce ba muryar uwarsa ba ce, ni na haɗa, kuma kowa shaida ne ta mutu da fushin Labbo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ba zan haɗiye shi ba. Ni za a iya zagina, amma ba za a ƙaryata wadda ta ba da numfashinta na ƙarshe a kan wannan magana ba.

Muntari ne ya warware abin. Ya ce abin da aka naɗa da gajiyayyen batir, da gajiyayyen batir ake sauraronsa. Ya zuba wasu batura da tocila ta ƙi a cikin tasa rikodar, kaset ya ja a hankali, sai ga Goggo ta dawo, har da ɗan tarin nan nata. A shagonsa na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar Juma'a.

Marigayiyar ta bar wayar wuta ɗaya mai ɗauri uku, da biron da ake juya kaset da shi, da mata masu yawa da yanzu ba su da wurin faɗin damuwarsu. Ta kuma bar kaset guda, wanda yake hannuna, ba kuma zan ba kowa aro ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidanmu. Masu sayen tarkace kada su wahalar da kansu, za a naɗe ta ne a zanen Goggo a ɗora a kan kabad. Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo hatsi ko goro, tsofaffin batura muke so, waɗanda suka gaji. Za a sa kaset ɗin a gaban kowa, sannan a damƙa shi, da batura huɗu, ga Ayuba direba, wanda motarsa za ta tashi daga Aliero zuwa Ibadan bayan azahar.

Ana roƙon Hamma ya zo da wuri. Za a shimfiɗa masa tabarma a sahun gaba, daidai bakin lasifika, don ya ji uwarsa da kyau.