Ranar da Miyar Karkashi Ta Ci Ni da Yaƙi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Rogo ba, shekarar da aka turo ni daga Karaye in koyar a firamare, zamanin mulkin soja. Wata huɗu na yi ba abokin hira. Malamai suna da majalisarsu a gindin darbejiya, hirarsu taki da gyaɗa, ni kuwa ban taɓa riƙe fartanya ba. Kullum sai in yi sallama ina jiran a ce "zauna", a amsa kawai, in wuce. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai.

Da na rasa abokin magana sai na koma hira da rufin ɗaki, kuma duk a kan yaƙin mutanen da. Da an gina ganuwa da ƙuli-ƙuli, kwana nawa mahara za su yi suna ci? Daga nan na kai ga babbar dabarata: in mayaƙa suka taho cikin lifidi, rigar yaƙin nan mai kaurin auduga, ba sai an harba kibiya ba. A kwarara musu miyar karkashi a ƙofar gari, duk wanda ya zame ba zai tashi ba.

(Mai hankali a nan zai tsaya. Ni na ce sai an gwada.)

Na kaɗa karkashi tukunya guda, na malala a simintin ƙofar ɗakina. Na naɗe jikina da katifa, na ɗaure da igiyar guga, na kifa kwano a ka, na riƙe muciya. Taku biyu na yi. Ga ni rigingine kamar kunkuru, hannu ya kasa kaiwa ga ƙullin igiya.

A haka na ji sallama. Hedimasta ne, Malam Sabo, da malamai biyu, riƙe da ƙwaryar fura. Ashe sun ga kwana biyu ba na fita, sun zaci ba ni da lafiya.

Malam Sabo ya daɗe yana kallona. "Malam, lafiya kuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bincike nake."

"Na me?"

"Na yaƙi."

"To, wa ya ci?"

"Karkashi."

Ɗaya daga cikin malaman ya matso zai ɗaga ni, santsi ya kwashe shi, ya kwanta kusa da ni. Duk da kunyar da nake ji, wallahi sai da na ji daɗi, don dabarata ta tabbata a gaban shaidu.

Ranar Litinin na zo wucewa ta gindin darbejiya, kai a ƙasa. Malam Sabo ya gusa a tabarma, ya ce, "Sarkin Lifidi, zo ka faɗa mana yadda ake tsare gari da miya." Sunan ya bi ni har na bar Rogo.

Abin da na koya shi ne, in za ka gwada yaƙi, ka sa wa ƙofar gida sakata. Sai dai da na sa, da har yau rufin ɗaki ne abokina.