Nomau da Hancin Iya Tabawa

A Unguwar Rimi akwai wata mai tuyar ƙosai, Iya Tabawa, da ɗanta ɗaya tilo, Nomau. Ƙato ne mai ladabi, sai dai duk abin da aka faɗa masa, yadda ya ji haka yake yi. Ita kuwa Iya ta yi shekaru hancinta a toshe, goshinta na sara, ko ƙosai ya ƙone ba ta jin ƙauri. Da abin ya ishe ta suka je asibitin gari, malamar asibiti ta ce a riƙa wanke mata cikin hanci da tafasasshen ruwa da ɗan gishiri da zuma kaɗan.

Wata rana Iya ta aike shi ya samo zuma ta ainihi, daga amya. Ya dawo da ƙwarya a rufe, tana ƙugi. Iya na ɗaga faifan, ƙudan zuma suka yi kanta. Ta kwana biyu ido a kumbure. Nomau ya ce ai ya zaɓo masu rai ne, don su fi ƙarfi.

Wata rana ta ce ya tafasa ruwan, ya jira sai ya huce. Shiru, shiru, har azahar. Ta leƙa ta tarar da shi durƙushe gaban tukunya yana ba ruwa haƙuri.

"Iya, ya daina huci, amma har yanzu bai ce ya yafe ba."

Daga nan ita ta riƙa haɗa abinta, tana wankewa safe da yamma. Sauƙi kaɗan ne, don da ta shiga ɗan madafinta mara taga, hayaƙi sai ya mayar da ita gidan jiya.

Wata rana tana tuya, hawaye na zuba, Nomau ya tsaya mata a ƙofa. Ta ce ya kauce ya bar ta ta sha iska. Ta tafi kai ƙosai kasuwa, kafin ta dawo ya yaye jinkar madafin kaf, wai don iskar ta ishe ta. Ranar Iya ta yi fushin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗaure masa kayansa, ta tura shi ƙauyen kawunsa, ta ce kada ta sake ganin fuskarsa.

Ba mai mayar mata da jinka, dole ta ci gaba da tuya a sarari. Hayaƙi ya riƙa tafiya sama, wankin zuma ya fara kama ta. Kafin damina ciwon goshin ya lafa, tana numfashi baki a rufe. Sai ta aika a kira shi.

Ya iso da kwando kife a kansa, yana lalube. Ta ce ya cire, ya ce ai ita ta ce kada ta sake ganin fuskarsa. Iya ta zauna a bakin murhu. Ta ɗebo ƙosai mai zafi, ta miƙa masa ta ƙarƙashin kwandon.